Makokin Biza a Yamai

Tun da Faransa ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar biza a shekarar 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024, wasu ma'abota alƙalami a Yamai ba su gushe ba suna zaman makoki, suna cewa an toshe wa matasan ƙasa ƙofar ilmi, sai ka ce Allah Maɗaukaki ya tattara ilmin duniya kacokan ya ajiye shi a birnin Faris. Muna yi musu ta'aziyya, amma su sani mu mutanen Tasawa da Mayahi ba a yi mana mutuwa ba.

Wace ƙofa aka rufe, alhali ba ta taɓa buɗuwa gare mu ba? Ko a da, yaron da ya ci jarrabawar bak a Mayahi, wanda dukiyar ubansa ba ta wuce gero da wake da ƴan awaki ba, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Yamai, ya yi fasfo, ya kwana a zauren dangi yana jiran layi, sa'an nan a ce ya kawo shaidar yana da Yuro 615 kowane wata, wato sama da jika 400, kafin a dubi takardunsa. Wanda ya gindaya wannan sharaɗi ya san ɗan wa yake nufi. Za a ce ai akwai ɗan talakan da ya dace. Na'am, amma malaman fiƙihu sun riga sun gaya mana nadiri ba shi da hukunci.

Ina waɗannan masu hawaye suke a watan Agusta na 2023, sa'ad da aka rufe iyakar Nijeriya, hanyar Jibiya ta mutu, ɗalibanmu da almajiranmu da ke neman ilmi a Katsina da Kano da Zariya, inda kakanninsu suka yi karatu tun ba a san fasfo ba, suka koma ratsa daji kamar masu fasa-ƙwauri? Ba mu ji ɗuriyarsu ba. Haka nan ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi kan yi wata da watanni suna jiran alawus ɗinsu, ba wanda ya ɓata tawadarsa a kansu, domin ƴaƴan masu rubutun ba can suke ba.

Game da Faransa kuwa, mu ne muka fi kowa sanin ladabinta wajen shiga ƙasar mutane. A 1899 Kyaftin Voulet da Chanoine suka ratso ƙasar nan da bindiga, suna ƙone garuruwa suna yanka bayin Allah, har askarawansu suka kashe su a wajen Maijirgi, nan cikin ƙasar Tasawa. Ba mu ji Sarkin Tasawa ya buga musu hatimi a fasfo ba, ba mu kuma ji jikokinsu sun zo neman gafara ba har yau.