Lasifikarsu, bashinmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, bari in faɗi abin da muke raɗa. A hanyar Legas zuwa Ibadan, Redemption Camp ya zama gari guda, da gidaje da bankuna. A Ota, Faith Tabernacle na ɗaukar mutum 50,000 tun 1999. Ba ƙyashi nake ba. Amma ƙananan masu kwaikwayonsu sun cika unguwanninmu, kowane shago ya koma majami'a, lasifika har asuba. Maƙwabci marar lafiya fa, ba ya cikin waɗanda aka umarce mu mu ƙaunata? Mu da ke sujada da Hausa a rumfar kwano, in mun je neman takardar fili, da wannan hayaniyar ake mana gori.