Kafin a Sayi Inji, a San Zare

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, ita ce ta son inji fiye da son sanin abin da injin ke ci. Duk ranar da aka sauke sabuwar na'ura a wani sashe na jami'a ko a wata ma'aikata, sai ka ga an yi dafifi, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Bayan 'yan watanni kuwa sai a lulluɓe ta, ƙura ta naɗa mata rawani. Yau ga wani baƙo ya fara shiga ɗakunan gwaje-gwajenmu, wanda ake kira injin 3D, muna kuwa tsoron kada ya bi sahun na gabansa. Don haka muka ga ya dace mu yi magana a kan abincinsa, watau zaren roba, musamman irin wanda ake kira PLA.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, aikinsa kamar na mai ginin tukunya ne. Yadda take murza yumɓu ya yi igiya, ta ɗora wannan bisa wancan har tukunya ta tashi, haka shi ma yake jawo zare mai kaurin milimita 1.75, ya narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi, ya riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa bisa umarnin kwamfuta har siffar da aka zana ta fito. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya ƙago dabarar, ya nemi rajistar haƙƙinta a 1989. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, wanda ya saki zanen irin wannan inji kyauta ga kowa, sa'an nan a 2009 wa'adin waccan rajista ya cika. Daga nan ne injin ya yi araha har ya iso gare mu.

Shi zaren PLA ɗan gona ne. Ana samun sukari daga sitacin masara ko na rogo, ko daga rake, a bar ƙwayoyin halitta su mai da shi sinadarin laktik, wanda shi ne dai ke sa nono ya yi tsami, kana a sarƙa wannan sinadari ya zama roba. Injin yana narkar da shi a zafin digiri 190 zuwa 220 a ma'aunin Salshiyos, ba ya yawan kantarewa in yana hucewa, ba shi kuma da wari mai tsanani. Naɗi guda mai nauyin kilo 1 ya kai tsawon mita 330 ko kusa da haka. Saboda sauƙin sha'aninsa ne ya zama zaren 'yan koyo. Da shi ake fitar da samfurin gini ga ɗaliban zanen gidaje, da siffar ƙashi ga ɗaliban likitanci, da kayan koyar da lissafi, da gwajin farko na wani ƙarfe kafin a kai wa maƙeri.

To, amma mai sayarwa ba ya faɗin aibin hajarsa. Aibi na farko shi ne PLA ba ya jure zafi: da ya kai wajen digiri 60 sai ya fara laushi. A ƙasar sanyi wannan ƙaramar magana ce, a wurinmu kuwa babba ce, domin motar da aka rufe aka bari a rana cikin bazara, gabanta kan wuce wannan zafi. Mun ga wani ɗan'uwanmu ɗalibi da ya kwashe kwanaki yana fitar da sassan aikinsa na shekarar ƙarshe, ya bar su a mota ya shiga aji, ya fito ya tarar sun lanƙwashe kamar alewa. Na biyu, yana da gautsi, yakan karye ba tare da ya yi gargaɗi ba, ya fi kuma rauni ta tsakanin hawa da hawa, kamar yadda itace ke saurin tsagewa in an bi tsawonsa. Na uku, yana shan laima, in aka bar shi a buɗe da damina sai aikin ya fito da kumfa da zazzare.

Akwai kuma maganar da ake yaɗawa cewa tun da daga shuka aka yi shi, in an yar da shi zai ruɓe kamar ɓawon ayaba. Nan fa kada mu yi wa rogo kallon kitse. PLA yana ruɓewa ne a masana'antar takin zamani ta musamman, inda ake riƙe zafi a wajen digiri 58 tare da danshi na tsawon makonni. A juji ko a kwata kuwa sai ya shekara da shekaru yana nan, tamkar sauran ledojin da suka toshe mana magudanan ruwa.

Ba cewa muke a guje shi ba, cewa muke kowane aiki da zarensa. Abin da zai sha zafi, a nemi ABS, robar da ake yin kayan wasan Lego da ita, wadda sai ta haura digiri 100 take laushi. Sai dai daga man fetur take, tana kuma fitar da hayaƙin da ke bukatar ɗaki mai iska. Tsakaninsu akwai PETG, dangin robar gorar ruwa, mai jurewa zuwa wajen digiri 80, wadda kamfanin Prusa na ƙasar Cek ya yi amfani da ita wajen yin garkuwar fuska ga ma'aikatan asibiti lokacin annobar 2020. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar sayen kaya bai san wannan bambanci ba, dukiyar jama'a ya zubar. Wanda kuma ya yi wa mai larura wani abin dogarawa da zaren da bai dace ba, abin da ya jefa cikin haɗari ya wuce kuɗi.

Daɗin daɗawa, mu tambayi kanmu daga ina zaren ke zuwa. Babbar masana'antar NatureWorks da aka buɗe a Nebraska ta Amurka a 2002 da masara take aiki. Wadda aka buɗe a Rayong ta ƙasar Tailan a 2018, mai ƙarfin tan 75,000 a shekara, da sukarin rake take aiki. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma zaren da muke sa wa injinanmu shigo da shi ake yi. Kakanninmu sun ga irin wannan ciniki, lokacin da audugarsu ke tafiya Ingila ta dawo musu a matsayin yadi. Wani zai ce ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta da rarar rogon yin roba, kuma maganarsa abar dubawa ce. Amma ɓawon rogo da ake zubarwa ai ba abincin mutum ba ne, binciken fitar da sinadarin laktik daga irinsa kuwa aiki ne da bai fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai ba.

Saboda haka kiranmu uku ne. Ga masu sayen kayan gwamnati: kada a amince da kuɗin inji sai an haɗa da na zarensa, da mazubin da iska ba ta shiga, da horon wanda zai riƙe shi. Ga shugabannin sassa: a sa ɗalibai su gwada kowane irin zare a ranarmu da damunarmu, a rubuta sakamakon a raba wa kowa. Gare mu ɗalibai kuma: mu daina tsayawa ga kallon inji yana rawa, mu koyi halin robar da yake ci. Rashin sani ya fi dare duhu, masaƙin da bai san zare ba kuwa, kome kyan masaƙarsa, ɗan kallo ne.