Dariyar Da Ba Ta Bar Kowa Ba

 

Ya ku 'yan'uwana matasa, maganata a yau ta shafi katun ɗin nan na Amurka da aka shirya domin manya, irin su The Simpsons da South Park da Family Guy, waɗanda da yawanmu ke kallo a waya. Duk sanda aka ɗaga maganar, amsar guda ce: ai zane ne kawai, ai wasa ne. To wannan amsar ce nake son mu zauna da ita.

Da farko a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Marubutan waɗannan shirye-shirye gwanaye ne. The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙiro, ya fara fita a tashar Fox a Disambar 1989, ya kuma wuce kashi 750. Ba a daɗewa haka da shirme. Da dama daga cikin marubutansa a Jami'ar Harvard suka yi karatu, kuma sun iya caccakar 'yan siyasa da attajirai ta yadda ɗan jarida ba zai iya ba. A 2008 ma sun yi wani kashi inda Bart ya yi abota da yaro Musulmi mai suna Bashir, Homer ya ɗauki iyayen yaron 'yan ta'adda, ƙarshe shi ya sha kunya. Wannan abin yabo ne. Gwanintar tasu kuwa ita ce dalilin da ya sa nake rubutun nan, domin da a ce ba su iya ba, da babu wanda zai damu.

Mafi yawanmu idan za mu soki irin wannan katun, giya da zagi da batsa muke ambata. An taɓa gwada cire su. A azumin 2005 tashar MBC ta fito da The Simpsons da Larabci, da sunan Al-Shamshun. Homer ya koma Umar, Bart ya koma Badar, giya ta koma lemon kwalba, aka yanke zuwa mashaya. Shirin bai karɓu ba, aka dakatar da shi. Amma a duba abin da ya saura bayan wankin: uba wawa ne, malalaci, ɗansa na raina shi. An canza wa tuwo suna ne kawai, domin cutar a ginin labarin take.

Ga yadda ginin yake. Kowane kashi minti 22 ne ko kusa da haka. A cikinsa uban gida zai yi ɓarna, ya yi ƙarya, ya jefa iyalinsa cikin masifa, sannan kafin a rufe komai ya koma yadda yake. Mako mai zuwa babu wanda ya tuna. Bart shekararsa 10 tun 1989, har yau bai ƙara ko ɗaya ba. A South Park, wanda ya fara a 1997, an shafe shekarun farko ana kashe yaron nan Kenny kusan kowane kashi, ya dawo a na gaba babu bayani. A Family Guy an kashe karen gidan, Brian, a Nuwambar 2013, masu kallo suka yi ca, cikin makonni uku aka dawo da shi. Duniya ce da aiki ba ya da sakamako, ba a tsufa, mutuwa ba ta yanke komai, tuba kuma ta daƙiƙa talatin ce kafin talla. Musulmi kuwa tun yana yaro ake koya masa cewa ko gwargwadon ƙwayar zarra za a gani. Wanda ya kwashe sa'o'i ɗaruruwa a waccan duniya, ban yarda ya fito yadda ya shiga ba.

Sai kuma wanda ake yi wa dariya. Homer ya shekara da shekaru yana shaƙe wuyan ɗansa, ana ƙyalƙyala dariya. Peter Griffin na Family Guy yana wulaƙanta 'yarsa Meg a gaban kowa, wulaƙancin kuma shi ne barkwancin. Mai riƙo da addini, kamar maƙwabcin Homer wato Ned Flanders, an zana shi mutumin kirki amma abin gundura, limamin cocinsu kuma ya gaji da wa'azin kansa. Mu ma muna da raha, akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Barebari da Fulani, amma kowanne an san da wa ake yi, an san inda yake tsayawa. Ɗa ba ya wasa da ubansa. A can kuwa abin alfaharinsu shi ne ba su bar kowa ba, suna kiran hakan adalci. Ni ban ga adalci ba a ce an watsa wa kowa kashi daidai wa daida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na South Park. A 2006, bayan rikicin zanen ɓatancin jaridar Denmak, tashar Comedy Central ta hana a nuna hoton Manzon Allah (SAW) a shirin. A cikin wannan kashin dai aka nuna Annabi Isa (AS) cikin ƙazantar da ba zan iya rubutawa ba, tashar ta bari ya wuce. Wasunmu suka yi murna wai an ji tsoronmu. Ina abin murna? Imaninmu bai rarrabe tsakanin manzanni ba, cin mutuncin ɗan Maryama cin mutuncinmu ne. Barazanar kisa da wasu suka yi wa masu shirin a 2010 kuma ba hanyarmu ba ce, talla ma ta ƙara musu.

Kada wani ya ce ina haramta dariya. Manzon Allah (SAW) ya yi raha da sahabbansa, da yara, da tsofaffi, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma babu wanda ya tashi daga gabansa a muzance. Amma uzurin nan na wasa muke yi, tsohon uzuri ne. Shi munafukai suka kawo a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, da suka yi wa makarantan Alƙur'ani ba'a, kuma aya ta 65 da ta 66 na Suratut Tauba ba su karɓa ba. Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta ƙara da hana zama a majalisar da ake izgili da ayoyin Allah. Ban ga abin da ya fitar da wayar da ke hannunka daga zama majalisa ba.

Na san za a ce, ni ina kallo ne don in ƙara Turanci, ko in huta, kuma imanina na nan daram. Allah Ya tabbatar da shi. Amma ɗan'uwa, gwada wani abu. Tuna karon farko da ka ji an yi wa Ubangiji ba'a a irin wannan shiri, yadda gabanka ya faɗi. Sannan ka duba ko har yanzu yana faɗuwa, ko kuwa yanzu jira kake a kai wurin dariyar. Ka kuma duba ƙaninka da ke leƙen wayar ta bayan kafaɗarka. An rubuta cewa shirin na manya ne, shi kuwa zane mai launi ya gani, kuma ya ga yayansa na dariya.