Ɗanki Zai Hau Keke Zuwa Shagari?



Hutun makaranta in ya zo, samarin Bodinga sukan haɗu su hau kekuna su nufi Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Ba ciniki ke kai su ba, sha'awa ce kurum da motsa jini. Tafiyar wajen kilomita 30 ce, watau zuwa da komowa 60. Ni ban ga laifinta ba, ta fi zaman kashe wando. Amma fa uwa ke haɗa guzuri, saboda haka tilas ta san halin sama.

Bara, da farkon damina, ƙanena ya fita da hantsi, gari garau. Da la'asar suna komowa sai hadari ya taso daga gabas. Iska ta fara turo ƙura, sa'an nan ruwa ya kece. Suka ruga gindin wata babbar bishiya suka fake. Allah Ya kiyaye, amma wannan kuskure ne babba, domin aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. Ku gaya wa 'ya'yanku, in sun ga gabas ta yi baƙi su shiga ƙauye mafi kusa su roƙi mafaka a zaure. Kada su tsallaka rafi yana gudu. Su kuma sani birki in ya jiƙe ba ya kamawa da wuri.

Bazara kuwa ta fi damina haɗari, don ita ba ta yin tsawa. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Yaro ya tashi da asuba, ya huta a inuwa tun kafin rana ta take tsaka, kada ya sake hawa sai bayan la'asar. Ki ba shi malfa, da fura, da dabino, da ruwa isasshe. Ki dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, don ya mayar da abin da gumi ya fitar. In jiri ya ɗebe shi, ko ya fara sambatu, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa, a gaggauta kai shi asibiti.

Da hunturu kuma hazo ke rufe hanya, direban mota ba ya hango mai keke sai ya matso. Ki sa masa riga mai haske, ki shafa masa man kaɗanya a leɓe, ya rufe hanci da rawani.

Ko gwanayen keke suna duban lokaci. A Burkina Faso, gasar keke da suka fara a 1987 sai damina ta wuce ake yinta.

Kafin ya fita, ya nuna miki famfo da faci, ya faɗa miki abokan tafiyarsa da sa'ar komowarsa. Kada kunya ta hana ki tambayar ɗan fari! Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Taku,
Malama