Idan Totur Ya Maƙale, Giya Ce Mafita

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya da safe, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya ratsa ta bakin kasuwar Tarauni da yamma, ya san mota ba ta tafiyar taku ashirin ba ta tarar da ɗan Adaidaita Sahu, ko ɗalibi, ko mai tura baro ba. To, a irin wannan wuri, mene ne direba zai yi idan ya ɗaga ƙafarsa, totur ya ƙi tasowa?

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani jami'in 'yan sandan kan hanya ya halaka tare da mutum uku na iyalinsa cikin mota ƙirar Lexus, saboda shimfiɗar ƙasan motar ta danne totur. Wannan ya sa kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci don a gyara, kuma a 2014 ya biya tarar dala biliyan 1.2. Irin waɗannan motoci, Camry da Corolla 'yan kwatano, su ne ma'aikatanmu ke tara albashi su saya. Mu kuwa, da yake muna ƙyamar ƙura, sai mu ɗora shimfiɗar roba a kan wata, mu bar gorar ruwa tana gangare a ƙarƙashin ƙafa.

Abin da ya wajaba shi ne a raba inji da ƙafafun mota. Direba ya taka birki da ƙarfi, ya riƙe, kada ya riƙa taka-saki, domin idan inji na buɗe, iskar da ke taimaka wa birki takan ƙare bayan taku biyu ko uku, birkin ya sandare. Nan take ya mayar da giya firi. Mai mota mai kuloci ya taka shi har ƙasa. Inji zai yi kururuwa kamar zai fashe. A bar shi ya yi. Ko da ya lalace, bakanike na nan.

Kuskuren da tsoro ke jawowa shi ne murɗa makulli mota na gudu. Da inji ya mutu sitiyari ya yi nauyi, in kuwa makullin ya wuce ya kulle shi, shi ke nan, sai yadda Allah ya yi. Sai an gangara gefe an tsaya tukuna a kashe. Haka nan fizgar birkin hannu cikin gudu juya mota yake yi, sunkuyawa a ciro totur da hannu kuwa tuƙi ne ido rufe.

Abin takaici, da wuya ka ji an yi wa mai koyon tuƙi wannan bayani. A ganina, bai kamata jami'an duba motoci su sa hannu a takardar kowa ba sai ya nuna zai iya mayar da giya firi ba tare da ya kalli hannunsa ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ita ma ta sa shimfiɗar direba cikin abubuwan da take leƙawa idan ta tsayar da mota. Ɗaga shimfiɗa ɗaya ba ya cin minti guda.