Yaron da Ke Raunata Kansa Ba Bulala Yake Buƙata Ba

Duk ranar da aka gano yarinya 'yar shekara 15 tana ji wa jikinta rauni da hannunta, hukuncin unguwa ba ya wuce uku. Wasu su ce samun wuri ne, da ta sha bulala da ta shiga taitayinta. Wasu su ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wasu kuma su ce raunin imani ne da kwaikwayon Turawa a waya. Hukunce-hukuncen nan sun yi tarayya a abu guda: kowannensu yana sauke wa manya nauyin zaunar da yarinyar su tambaye ta abin da ke cin ranta. Dukkansu kuskure ne, kuma na farkon, wanda ya fi karɓuwa a gidajenmu, shi ya fi kowanne ɓarna.

Masu cewa neman a kula ta take yi, su ba mu amsar tambaya ɗaya: me ya sa take ɓoyewa? Yawancin matasan da ke wannan hali a ɓoye suke yi. Namiji ya dage da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin Afrilu, mace ta daina cire hijabi ko a cikin ɗaki, har a kwashe watanni uwar da ta haife su ba ta sani ba. Mai neman suna ba ya rufe abin da yake so a gani. In ma wani yaron ya yi don a waiwaye shi, abin tambaya shi ne, wane irin gida ne sai yaro ya zubar da jininsa kafin a tuna da shi?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar matasan da kansu. A 2007 David Klonsky ya tattara binciken da aka yi kan dalilan wannan ɗabi'a, ya ga amsar da ta fi yawan fitowa daga bakin masu yi ita ce neman sauƙi daga ƙuncin da ya fi ƙarfinsu. Zuciya ta cika ta batse da fushi ko tsoro ko baƙin ciki, yaro bai san sunan abin da yake ji ba, bai kuma san inda zai kai shi ba, sai zafin jiki ya ɗauke masa hankali daga zafin rai na ɗan lokaci. Sauƙin ba ya daɗewa. Kunya da nadama su biyo baya, ƙuncin ya dawo fiye da dā, yaron kuwa ya riga ya koyi hanyar da ta taɓa ba shi sarari, sai ya sake komawa. Haka abin yake zama jiki. Wasu kuma ciwon damuwa ne ya daskarar da su, ba daɗi ba ɗaci, suna neman su ji wani abu ko da zafi ne. A wannan shekarun ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki bai gama nuna ba, sai an haura shekara 20, alhali ɓangaren motsin rai ya riga ya kankama.

Dalili na biyu da matasan ke yawan ambata shi ne hukunta kai. Ciwon damuwa yana sa yaro ya yarda cewa shi ba komai ba ne, shi ne matsalar gidan, ya cancanci azaba. To, a nan ne masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya kamata su dakata. Yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi abin duka ne, in ka ɗauko dorina, me ka koya masa? Ka sa hannu ne a kan hukuncin da ya yanke. Ba zai daina ba, zai dai ƙware wajen ɓoyewa.

Abin da ke ƙara rikita iyaye shi ne ciwon damuwa a jikin matashi ba kullum yake zuwa da hawaye ba. Sau da yawa da saurin fushi yake zuwa, da ƙin shiga mutane, da rashin barci ko yawansa, da ciwon kai da na ciki waɗanda gwajin asibiti ba ya gano dalilinsu, da lalacewar karatu. Mu kuwa muna da suna ga kowanne: rashin kunya, miskilanci, lalaci, daƙiƙanci. Marsha Linehan, wadda ta ƙirƙiro ɗaya daga cikin hanyoyin jinyar da suka fi tasiri kan raunata kai, ta nuna cewa matsalar tana tsiro ne inda yaro mai saurin jin abu a rai ya tashi a gidan da ake ƙaryata abin da yake ji. Mun san irin maganganun: "Me aka rage ki da shi, ci ko sha?" "Kai ba namiji ba ne?" "Har nawa kike da za ki ce kina da damuwa?" Kawaici da haƙuri kyawawan ɗabi'u ne, amma mun mayar da su marfin tukunyar da ke tafasa. An koya wa yaro cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba a nuna masa wanda zai faɗa wa in abin ya fi ƙarfin cikin ba. A tuna da 'yar riƙon da gori ya zame mata abincin safe, da yaron da aka saki uwarsa aka bar shi cikin 'yan uba, da wadda wani na gida ya ci zarafinta aka ce ta yi shiru don rufin asiri, da wanda ya faɗi jarrabawar JAMB ya zama abin misali a gaban ƙannensa.

Masu cewa ciwon Turawa ne su ma ba su da madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, ba ta kuma ware wata nahiya ba. Binciken da Emmanuel Quarshie da abokan aikinsa suka yi a yankin Accra ta Ghana ya gano kusan ɗaya cikin biyar na matasan da aka tambaya sun taɓa raunata kansu. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki, yana kuma buƙatar magani. Ba waya ce ta kawo shi ba.

Zancen imani kuwa, babu mai cewa addini ya halatta wa mutum cutar da kansa, babu kuma mai raina addu'a. Amma Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma akwai shekarar da tarihin Manzon Allah (SAW) ya sani da Shekarar Baƙin Ciki. Wa zai ce imaninsu ne ya yi rauni? Mai zazzaɓin cizon sauro muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi asibiti, ba ma tuhumar sallarsa. Gaskiya ne waya tana da nata laifin, domin matasa kan koyi wannan hali daga juna da daga abin da suke gani a intanet. Sai dai wanda ransa ke kwance ba ya kwaikwayon irin wannan.

Ba duk mai raunata kansa ne yake son mutuwa ba, amma wannan ɗabi'a tana cikin manyan alamun haɗarin yunƙurin kashe kai nan gaba. Masani Thomas Joiner ya bayyana dalili: in mutum ya ji ya zama kaya ga danginsa, ya ji ba shi da kowa, sannan ya saba da zafi har tsoronsa ya fita, to ya kusa bakin rami. Gori yana samar da na farko, ƙyama ta samar da na biyu, duka kuma ya taimaka wa na uku. Mun ga ƙarshen tunanin gyara yaro da duka a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, da sunan gyaran tarbiyya.

Ita ma doka ba ta tsira daga wannan tunani ba. Sashe na 231 na kundin Penal Code da aka gada a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, shekarar da Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta zamanin Turawan mulkin mallaka. Wace uwa ce za ta kai 'yarta asibiti tana fargabar a kira mata ɗan sanda? 'Yan majalisunmu su goge wannan sashe. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, don haka dole a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da malaman makarantun boko da na Islamiyya su riƙa gane alamun.

Kafin gwamnati ta motsa, aikin yana hannun iyaye. In ka ga tabo a jikin ɗanka, kada ka yi ihu, kada ka tara masa dangi, kada ka tilasta masa rantsuwar ba zai sake ba. Ka zauna ka saurara. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ka kawar da magunguna da guba daga inda hannunsa zai kai. Sannan ka kai shi wurin likita: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Ciwon damuwa yana jin magani, kuma yawancin matasan da suka samu kulawa suna barin wannan hali. Masu bulala sun daɗe suna gwada tasu hanyar a kan 'ya'yanmu. Su nuna mana yaro ɗaya da dorina ta cire wa baƙin ciki.