Sharhi: Yadda ƙarancin ma'adinai ke cin kofaton shanun tatsa a ƙasar Arewa

Duk shekara idan damina ta kankama a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso, makiyaya kan fara ganin shanu na ɗingishi, musamman a fadamun Dallol Mawri inda ruwa ke kwanciya, daga Matankari zuwa Kore Mai Ruwa da Dumega da Gesheme. Da yawa kan ɗora laifin a kan taɓo ko ƙaya, amma matsalar takan faro ne tun cikin rani, daga abin da saniya ta ci da abin da ta rasa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Saniyar da ƙafa ke wa ciwo ba ta bin garke zuwa kiwo mai nisa, ta fi yawan kwanciya, cin ta ya ragu, nono ya ja baya, sannan ta yi jinkirin karɓar barbara. A rugage, kuɗin nono da man shanu na mata ne, da su ake sayen hatsi da kayan miya da sabulu. Don haka idan ƙwarya ta rage cika, tukunyar gida ce ke fara jin jiki.

Abin da kofato ke buƙata

Kofato na tsiro ne a hankali, kimanin milimita 5 a wata. Wannan na nufin kofaton da saniya ke takawa a watan Agusta an gina shi ne da abincin da ta ci watanni da dama baya, ciki har da bazara, lokacin da babu komai a daji sai busasshiyar ciyawa da karan gero. Domin ya yi ƙwari, jiki na buƙatar furotin da sinadaran zink da jan ƙarfe da kalsiyam da fosfaras da seleniyam. Idan suka yi ƙaranci, kofato kan fito da laushi ko ya tsage, fatar tsakanin yatsu ta yi saurin rauni, ƙwayoyin cutar da ke cikin taɓo da kashin shanu su samu ƙofar shiga, ƙafa ta kumbura ta fara wari.

Ƙasar Arewa jigawa ce mai yashi, kuma ƙarancin fosfaras a irin wannan ƙasa sananne ne a duk faɗin Sahel. Abin da babu a ƙasa ba ya shiga ciyawa. Alamar da makiyayi ke gani da idonsa ita ce saniya na taunar ƙashi ko tsumma ko lasar ƙasa. Saniyar tatsa ce ta fi shan wahala, domin kullum tana zubar da kalsiyam da fosfaras cikin nono.

Kanwa da gishiri ba su wadatar

Makiyaya sun daɗe da sanin amfanin lasa. Jihar Dosso na da gishirin Foga da kanwar Dallol Boso, kuma saboda gishiri ne garkuna ke haurawa yankin Ingal a ƙarshen damina. Sai dai abin da kanwa da gishiri suka fi bayarwa shi ne sodiyam, ba su cike giɓin zink ko fosfaras. Dutsen lasa da aka haɗa da waɗannan sinadarai shi ke cike giɓin, amma kaya ne na saye, kuma ba kowane ƙauye ake samun sa ba.

Akwai kuma matsala ta ɗaya gefen. Masu turke shanu a cikin gari, irin su Dogon Dutsi, kan dogara da dusa don nono ya ƙaru. Dusa na da fosfaras da yawa amma kalsiyam kaɗan, kuma idan hatsi da dusa suka yi yawa babu isasshiyar ciyawa, tumbi kan yi tsami, abin da ke raunana naman cikin kofato. Haɗa dusa da harawar wake ko ta gyaɗa, waɗanda yankin ke nomawa sosai, na daidaita wannan.

Ba kowane ɗingishi ne na abinci ba. Ciwon baki da kofato, wanda ake kira boru, ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, ana gane ta da dalalar miyau da ƙuraje a baki. Lasa ba ta maganin ta, sai ware dabbar da kiran jami'in kiwo.

Inda hukuma ta tsaya

Rigakafin kyauta da gwamnatin Nijar ke yi duk shekara, da allurar da cibiyar LABOCEL ta Yamai ke haɗawa, ya fi karkata ga ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki. Ciwon kofato ba ya kashe garke a dare ɗaya, shi ya sa ba ya samun irin wannan kulawa. Ga kuma tsadar kaya: takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris ɗin 2024, kuma yankin da ke maƙwabtaka da jihar Kebbi ya dogara sosai da kasuwannin tsallake. Rashin tsaro a wajajen Dogon Kirya da Sukukutan, da gonakin da ke cin burtali duk da dokar makiyaya ta 20 ga Mayun 2010, na tilasta wa shanu tsayawa wuri ɗaya a cikin laka.

Gyaran ba ya buƙatar sabon tsari. Bankunan abincin dabbobi na iya sayar da dutsen lasa tare da dusa, likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na karkara su koya wa makiyaya yankan kofato da wanke ƙafa, sannan cibiyar bincike ta INRAN ta auna ciyawar yankin don a san ainihin sinadarin da ya yi ƙaranci. Ga makiyayi kuwa, lissafin na lokaci ne: lasar da za ta kare ƙafa a Agusta tun watan Fabrairu ake fara ba da ita, kuma garke a tudu ya kamata ya kwana idan ruwa ya sauka.